'Yar Fada Mai Guga

A unguwarmu ta bayan Rusaifa, abin da ake fara tambayar baƙo shi ne garinsu. Sunansa yana iya jira. In ya ce Kano, a nuna masa bukkokin Kanawa. In ya ce Damagaram, a ce masa ga ɗan'uwanka can yana gasa tsire. Ni a Makka aka haife ni, ko a mafarki ban taɓa ganin Katsina ba, amma har na tsufa Bakatsiniya ake ce mini, don kawai kakana daga can ya taso da ƙafa. Larabawa ba su wahalar da kansu da wannan rabe-rabe, dukkanmu Takari suke ce mana.

Matar da nake son ba da labarinta ta zo mana lokacin babban yaƙin Turawa, shekarun da alhazai suka yi ƙaranci har mutum kan yi ɗawafi ya gama babu wanda ya taka shi. Ina amarya a lokacin, ina zaune da uwar mijina. Mijina ɗan ga-ruwa ne, tun safe ya saɓa garwa biyu a sanda sai yamma. Ita matar daga Jidda ta taho, mijinta ya rasu a hanya, ta kama bukkar da ke jingine da tamu. Doguwa ce, za ta kai hamsin, tana tafiya a miƙe kamar ta haɗiyi taɓarya. Kallabinta kullum a ɗaure tamau, ya sauko har gira, ya rufe kunnuwa. A kowane kunci tana da aska uku, manya, masu kauri.

Uwar mijina mace ce da ba ta iya kwana da tambaya a cikinta. Tun matar ba ta gama share bukka ba ta kai mata ruwa da gurasa, ta zauna, ta ce, "Hajiya, daga wane gari?"

Matar ta ce, "Ban sani ba. A gidan Fada na tashi."

Uwar mijina ta ɗauki rabin amsar na biyu ta yar da na farko. Ta dawo tana sassauta murya ta ce mini mu iya bakinmu, Allah ya haɗa mu maƙwabtaka da jinin sarauta. Kafin la'asar duk unguwa ta ji, tun da ita iya bakin nata ke nan. Aka sa wa matar suna 'Yar Fada, ta amsa ba ta musa ba.

Shaidu kuwa sun yi ta fitowa. Ba ta magana in tana cin abinci. In ta zauna sai ta haɗa gwiwoyi ta ɗora hannu a kai. Tsumma ma in ta gama da shi sai ta ninke shi huɗu. In namiji mai doguwar riga ya wuce, idonta na ƙasa har sai ya ɓace. Uwar mijina takan zungure ni ta ce in duba, tarbiyyar gidan sarki ke nan, ba irin tawa ba da nake zama kamar an jefo ni daga kan raƙumi. Akwai wata tabarma mai jan baki da ba a shimfiɗa wa kowa sai liman, aka fara shimfiɗa wa 'Yar Fada.

Sana'arta wanki da guga. Ba a daɗe ba manyan gidajen unguwar Zahir suka san da ita, don in ta goge farar riga sai mai ita ya ji nauyin zama a cikinta. Aiki ya yi mata yawa, ni kuma zaman banza ya ishe ni, sai ta ɗauke ni. A wurinta na koyi dama sitaci, da yawan bular da ake sa wa ruwa, da yadda ake zuba garwashi a dutsen guga a kaɗa shi a iska har ya yi ja. Ba ta yabo. In na yi daidai sai ta ce, "Ɗayyib," in na ɓata sai ta tsoma rigar a ruwa ta miƙo mini.

Abu guda ne ke raba ta da dutsen guga. Da zarar alhazan yamma sun fara sauka, lokacin da aiki ya fi yawa, sai ta bar ni da tarin kaya ta yafa mayafi ta nufi masaukinsu. Ba ta neman kowa sai tsofaffi da wanzamai. Ta durƙusa ta gaishe su, ta juya musu kunci, ta ce, "Baba, dubi askar nan. Ta wane gari ce?" Su kuma su duba, su yi gyaran murya, su faɗi wani gari. Kowace shekara garin daban. Takan dawo ta kwance mayafi ta ce mini, "Bana ni Bazazzagiya ce," ta ɗauki dutsen guga. Shekara ta zagayo ta zama Babarbariya.

Da farko dariya abin yake ba ni. Ranar da na daina ita ce ranar da ta ce mini ba wani abu take nema ba, ba gado ba, ba dangi ba, ta san duk wanda ya san ta ya mutu. So take in ta rasu, mai shela ya ce wance ta gari kaza ta riga mu gidan gaskiya, kamar yadda ake yi wa kowa a unguwar. Ta faɗi haka tana yayyafa wa riga ruwa. Tausayinta ya kama ni har na ƙona wuyan wata riga, ta tsoma ta a ruwa ta miƙo mini.

Uwar mijina ita ma abin ya daɗe yana cin ta, amma ta wata fuskar. Ta lissafa ta ga cewa fada ba ta tashi a daji, kowace fada tana da gari. Wata rana da hantsi muna guga, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Hajiya, wai shi sarkin nan da kika tashi a gidansa, matansa nawa?"

"Ba shi da mata."

"Rasuwa suka yi?"

"Ba ya aure."

Uwar mijina ta shiga neman inda za ta ajiye sarkin da ba ya aure. Ta tambaya ko yana da dawaki, aka ce jaki ɗaya. Ko yana naɗa rawani, aka ce malafa yake sawa. Sannan 'Yar Fada ta ajiye dutsen guga a kan murfinsa ta ce, "Inna, ba sarki ba ne. Bature ne, limamin Katolika. Fada ake ce musu. Ni na ɗauka tun ranar farko kin gane."

Uwar mijina ta dubi tabarma mai jan baki, wadda take shimfiɗe a inuwa tana jiran mai ita. Ta tambaye ta ko yanzu tana salla da gaske ne, alhali shekara da shekaru suna jera sahu tare. 'Yar Fada ta nuna ni ta ce tun kafin a haife ni take yi. Uwar mijina ta ce to, maganar nan ta tsaya a tsakar gidan nan, Makka ba wurin da ake ɗaga murya da irin wannan ba ne. Wannan shi ne sirri guda ɗaya da na san ta riƙe har ta mutu, ina kuma zaton kunyar tabarmar ce ta taimaka mata. Ba ta ɗauke tabarmar ba, don in ta ɗauke sai an tambaye ta dalili. Sunan ma ya zauna yadda yake.

Sauran labarin a kan guga na ji shi, guntu-guntu, cikin shekaru. Tana ƙarama mahara suka ɗauke ta. Ba ta tuna komai na gida sai wata rijiya da bayan wata mata. Aka yi ta wucewa da ita hannu zuwa hannu har bakin wani babban kogi can kudu, inda Hausa ta zama yaren baƙi. A nan Fada ya saye ta. Shi bai ce saye ba, fansa yake cewa. Ta ce dillalan ba su damu da sunan da ya sa wa cinikin ba, sun dai lura cewa akwai Bature mai karɓar yara ƙanana waɗanda kasuwa ba ta so, ba ya kuma taya su da wulaƙanci. Sai suka ƙara ƙwazo.

Da aka 'yanta su, sai aka sa su buga tubali. Yaran da aka fansa su suka gina cocin, da gidan Fada, da gidan Sistoci, wato matan coci marasa aure, da katangar da ta kewaye su duka. Ƙararrawa ke tashinsu, ita ke zaunar da su, ita ke kwantar da su. Aka canza musu suna, aka hana su yarensu. Wanda ya ji 'yancin ya ishe shi ya tsallake katanga, 'yan sandan Baturen mulki su kamo shi su dawo da shi, don Baturen mulki a teburin Fada yake cin abinci ranar Lahadi. Ita ke goge mayafin teburin, shi ya sa ta sani.

Wata shekara aka zo da na'urar ɗaukar hoto, za a aika ƙasar Turawa su ga aikin da ake yi su taimaka. Yaran a lokacin duk suna da riguna. Aka tuɓe musu, aka nemo igiya aka ɗaure su a wuya, Fada ya tsaya a gefe da wuƙa yana yankewa. Hoton bai fita da kyau ba, aka sake ɗaure su. Ta ce ita dai sau uku aka 'yanta ta a rayuwarta, biyu a rana ɗaya.

Akwai wani Fada na biyu, ƙarami, mai son a share masa ɗaki, kuma bai yarda da sharar yara maza ba. 'Yan matan suka fara rama, ɗaya ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa babbar Sista. Aka ɗauki mataki. Yarinyar aka tura ta gonar da ke nesa don ta koyi tsare harshe, shi kuma aka yi masa canji zuwa wani gidan a gangaren kogi. Na tambaye ta ko can babu 'yan mata. Ta ce akwai, sun ma fi yawa. Ban tambaye ta ko ita ma ta yi sharar ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Abin da na lura shi ne ba ta taɓa zagin addininsu ba. Ta ce wannan tsakaninsu da Allah. Akwai wata Sista da ta yi jinyarta lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe ta, tana ba ta kunu da cokali, har gobe tana yi mata fatan alheri. Ta ce mutanen ciki akwai na kirki, akwai na banza, kamar ko'ina. Rigimarta da gidan ne. In aka cuce ka a cikinsa, wurin da za ka kai ƙara shi ne gidan, mai shari'ar ɗan gidan ne, hukuncin kuma kullum gidan yake gyarawa. Shekaru da yawa bayan haka jikana da ya yi karatu ya ba ni labarin cewa a ƙasarsu ta asali gidan nan ya taɓa mallakar ƙasashe da sojoji da kotuna, sarakuna na durƙusa masa, masu yi masa gardama kuma wasu wuta aka sa musu. Na ce masa ashe uwar mijina ba ta yi wani babban kuskure ba da ta ji fada.

Ni a lokacin da ƙuruciya, na taɓa cewa Allah ya raba mu da Nasara. Muna dawowa ne daga wani gida a Zahir, da ƙunshin wanki a ka. 'Yar Fada ta ce, "Baiwar Allah da ta buɗe mana ƙofa ɗazu, Nasara ne suka saye ta?" Na ce a'a. Ta ce to. Muka ci gaba da tafiya. Daga baya na lura duk gidan da muka je, gaisuwar da take yi wa mai buɗe ƙofa ta fi ta uwar gida tsawo.

Maganar garinsu kuwa, ta ce babban Fada ya sani. Ba ya karɓar yaro sai ya tambayi dillali inda aka ɗauko shi. Da ta girma ta je ta durƙusa ta tambaye shi. Ya ce an sake haifuwarta, garinta nan ne, wancan an wanke shi. Ta sake komawa, ya ce in ta ci gaba da biyayya wata rana zai duba. Ta ci gaba da biyayya. Da babban limaminsu mai zobe ya zo rangadi, aka jera su suna sumbatar zoben, ita da ta zo kansa sai ta yi tambayarta. Ya shafa kanta ya yi murmushi, bayan ya tafi aka sa ta wuni a durƙushe cikin rana. Daga baya babban Fada ya koma ƙasarsu da abin da ya sani. Suka zaɓa mata miji a gidan, ya zo ya mutu, sai wata rana a bakin kogi ta ji fatake suna magana da Hausa, ta ga ta gane kalmar ruwa da kalmar gobe. Ta bi su. Ɗaya daga cikinsu ya aure ta, shi ne wanda suka yi ta tsintar auduga a Sudan har suka ƙetaro teku, ya rasu a Jidda.

Bayan yaƙi alhazai suka dawo da yawa, har ana cewa wasu ta sama suke zuwa. 'Yar Fada ta fara tsufa, gwiwa ta fara hana ta tafiya mai nisa, sai ni nake raka ta masauki. Wata shekara aka nuna mana wani tsohon wanzami da ya zo ta ƙasa, ya shekara yana yi wa mutane aski da ƙaho a hanya. Muka same shi a gindin bango yana wasa aska. Mutum ne mara fara'a, irin tsofaffin da suka gaji da faranta wa mutane rai. Ta durƙusa da ƙyar, ta juya masa kunci, ta yi tambayar da ta saba.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hajiya, kin tuna ranar da aka yi miki ita?"

Ta ce ta tuna sarai. An danne ta a ƙasa, akwai zafi, an shafa mata toka. Ta ce shi ne ma abu na uku da take tunawa na gida, bayan rijiya da bayan matar.

Ya ce, "Askar gida ba a tuna ta. Mutum yana jariri ake yi masa. Wannan ta kasuwa ce, dillali ke yi don kada kayansa su ɓace."

A nan na gane cewa tsofaffin nan da suka yi ta ba ta garuruwa, da yawansu sun sani. Kunya ce ta hana su faɗa, sai kowa ya ba ta garin da ya zo bakinsa.  Wanzamin ya tambayi 'Yar Fada ko babu wata alama a jikinta, wadda ta tashi ta gan ta ba ta san lokacin da aka yi ba. Ta ce babu, sai dai tabon ciwo a gefen kai. Ta ce da aka kawo ta gidan Fada, Sista ta ce tana da ƙurajen kai, ta sa mata wani magani mai ci kamar wuta, sannan ta koya mata ɗaurin kallabi don ta rufe wurin. Tun daga ranar ba ta bari a gani.

Wanzamin ya ce shi tsoho ne, ita ma tsohuwa ce, ta ɗaga. Hannunta ya ƙi, sai ni na sassauta mata ƙullin na ja kallabin baya kaɗan. Shekara goma muna aiki kafaɗa da kafaɗa ban taɓa ganin wurin ba. Tsakanin ido da kunne akwai tabo sumul, faɗin babban yatsa, yana ƙyalli. Na duba ɗaya gefen, akwai irinsa.

Ya sa yatsa ya shafa gefen tabon a hankali. Ya ce a baki-bakin akwai wutsiyoyin zane, sirara, aikin wanzamin da ya san hannunsa, a nan askar gidansu take. Na ce wataƙila dai ƙurajen ne da gaske. Ya ce wataƙila, amma shi bai taɓa ganin ƙurajen da suka auna wuri suka fito dama da hagu daidai wa daida ba. Ta tambaye shi ko zai iya karanta abin da ya rage.

Ya sake dubawa, ya kawo fuskarsa kusa, ya juya kanta wajen haske. Ya ce, "Da an bar ko layi biyu, da na faɗa miki. An goge."

Ta gyara kallabinta da kanta, ta ɗaure shi yadda ta saba. Ta yi masa godiya, ta yi masa fatan aikin hajji karɓaɓɓe, na kama ta ta miƙe. A hanya ni ce nake ta kuka kamar ni aka yi wa. Da muka iso gida garwashi ya mutu, ta sa na hura wani. Ta shimfiɗa riga, ta yayyafa ruwa, ta gwada zafin dutsen da yatsa.

Ta ce, "Dama Sistoci sun iya guga. Ai su suka koya mini."

Shekarar da ta biyo, alhazan yamma suka sauka, na ɗauko mata mayafi. Ta ce in mayar, aiki ya yi yawa. Ba ta sake zuwa masauki ba. Da ta rasu, mai shela ya tsaya a ƙofar gidanmu ya tambayi uwar mijina ta wane gari zai ce. Uwar mijina, wadda ba a taɓa yi wa tambaya ta rasa amsa ba, ta dube ni. Ni ma na dube ta. Mutumin ya gaji da jira, ya tafi yana sanar da unguwa cewa 'Yar Fada ta rasu, aka taru da yawa, don ba kullum ake binne jinin sarauta a bayan Rusaifa ba.